Ɓeran ya tuna hanya, Baffa bai tuna ba

Ranar wata Asabar ina tsaye a tasha ina jiran mota ta cika, sai ga wata tsohuwar mota da lasifika ɗaure a samanta. Mai maganin ya fara da basir, ya gangaro kan sanyin mara, ya bi ta kan ƙarfin maza da irin kalaman da ke sa mutum ya sunkuyar da kai in yana tare da surukinsa. Duk wannan mun saba. Abin da ya sa na waiwaya shi ne da ya ɗaga wata kwalba ya ce wannan na wankin ƙwaƙwalwa ne. Wai yana buɗe jijiyoyin kai da suka toshe, yana dawo wa tsoho da tunaninsa, wanda kuma ya sha kwalba uku ya yi sallama da ƙwayar hawan jini har abada. Sannan ya rufe da abin da yanzu ya zama hatimin kowane mai talla: "Ba ni na faɗa ba, Turawa da 'yan Chana sun yi bincike sun tabbatar."

Wani dattijo ya laluba aljihun 'yar-cikinsa ya sayi biyu. Na so in yi magana, na haɗiye, don na san irin kallon da ake yi wa ɗan boko in ya tsoma baki a irin wannan wuri. Shirun nan ya bi ni har gida, domin irin wannan kwalbar ce muka taɓa zaƙulowa a ƙarƙashin gadon Baffana.

Ga inda na tsaya tun kafin a ce na zo zagin gargajiya. Akwai magani a cikin itatuwa, wannan ba abin musu ba ne. Amma har yau babu wani saiwa, ganye ko ɓawo da aka gwada a kan mutane masu yawa aka tabbatar yana hana mantuwar da ƙarancin jini a ƙwaƙwalwa ke kawowa. Abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne saukar da hawan jini, wato dai abin da mai lasifika yake cewa a daina. Duk wanda ya ce wa mai hawan jini ya ajiye ƙwayarsa ya koma kan kwalba, ya cuce shi, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Yadda abin yake cin mutum

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi biyu cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi ashirin cikin ɗari na iskar da jini ke ɗauka. Ba ta da rumbu. Abin da jini ya kawo mata yanzu shi za ta ci yanzu.

Wanda ya taɓa noman rani zai gane sauran bayanin da wuri. Ruwa na tasowa daga babbar hanya, ya rarrabu ƙananan hanyoyi, ya shiga fangali bayan fangali. In laka ta fara cike ƙananan hanyoyin, fangalin da ke can ƙarshen lambu shi ke fara yaushi, mai lambu kuma ba zai lura ba sai abin ya yi nisa. Hawan jini na shekara da shekaru haka yake yi wa ƙananan jijiyoyin da ke can cikin ƙwaƙwalwa: bangonsu ya yi kauri, hanyar ta matse, wasu su toshe gaba ɗaya. Ciwon suga da taba da kitsen jini suna ƙara masa ƙarfi. Wannan irin mantuwa ita ce ta biyu wajen yawa a duniya, bayan cutar Alzheimer.

Baffa tela ne. Fiye da shekara arba'in yana kan keke, kuma mutum ne da in ya auna ka sau ɗaya ba ya ƙara ɗauko tef, awonka na kansa. Sunaye ba su ne suka fara ɓace masa ba. Tsarin aiki ne ya fara kwance masa: ya yanka hannun riga kafin ya fitar da jikinta, ya ɓata shaddar mutane har sau biyu a wata guda, ya zauna da canjin kuɗi a hannu yana juyawa. Daga nan sai raka'o'i suka fara rikice masa. Tafiyarsa ta koma 'yan gajerun taku kamar mai tsoron santsi. Wani dare bayan isha'i wani almajiri ya riƙo hannunsa ya kawo shi gida, ya ce a bakin lungu na biyu ya same shi a tsaye, lungun da ya bi tun kafin a haife ni.

A gida aka rabu biyu. Wasu suka ce gigin tsufa ne, a bar shi. Wasu suka ce ruwa ba ya tsami banza, abokan sana'a ne suka yi masa jifa. Sai da matarsa ta zo shara muka ga kwalaben, muka kuma gano ya fi shekara rabonsa da ƙwayar da aka rubuta masa. Na ce, "Baffa, me ya sa kuka daina shan maganinku?" Ya ce mai maganin ya gaya masa ƙwayar Bature tana kashe ƙoda, kuma shi ba ya jin ciwon komai. Da aka yi masa hoton ƙwaƙwalwa, likita ya nuna mana 'yan tabo nan da can, ya ce kowannensu ƙaramar shanyewa ce da ta zo ta wuce ba wanda ya sani.

"Ai an yi bincike"

An yi. Mai lasifika bai yi ƙarya ba a nan, kuma shi ya sa maganarsa ke shiga. Kusan kullum akwai sabuwar takarda daga wata jami'a a ƙasar Sin, ko Koriya, ko Iran, ko nan gida, da ke cewa sinadarin da aka tatso daga kurkum, ko zogale, ko habbatus sauda, ko wani haɗin saiwoyi, ya kare ƙwaƙwalwa daga illar ƙarancin jini. Abin da ba a faɗa a lasifika shi ne ƙwaƙwalwar wa.

Ga yadda ake yin mafi yawan irin wannan gwaji. A samo ɓeraye matasa masu lafiya, a sa musu maganin barci, a ɗaure manyan jijiyoyi biyu na wuyansu da ke kai jini kai. A raba su, a riƙa ɗura wa wasu sinadarin, wasu a bar su haka. Bayan 'yan makonni a jefa su cikin wani baho mai faɗi da aka ɓoye ɗan dandamali a ƙarƙashin ruwansa, a riƙa duba agogo a ga wanne zai tuna inda dandamalin yake. In waɗanda aka ba sinadarin sun riga sauran isa, sai a rubuta cewa ya kare tunani.

Aiki ne na ilimi, ban raina shi ba, da shi ake fara komai. Amma a dubi ratar da ke tsakanin ɓeran nan da Baffa. Ɓeran yaro ne, rana ɗaya aka matse masa jini, sau da yawa ma tun kafin a ɗaure jijiyar ko jim kaɗan bayan haka aka fara ba shi maganin. Baffa ya haura saba'in, jijiyoyinsa sun yi shekara ashirin suna lalacewa a hankali, kuma sai da ɓarnar ta bayyana aka fara neman magani. Ɓeran tsantsar sinadari aka auna masa daidai da nauyinsa, a ma'aunin da wani lokaci in mutum zai sha kwatankwacinsa daga ganyen kansa sai ya ci abin da ciki ba zai ɗauka ba. Sinadarin kurkum ma, wanda aka fi yi wa kirari, kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke tsallake hanji ya shiga jini, balle ya ratsa shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa. Ga kuma wani abu da masu binciken kansu suke kuka da shi: gwajin da bai yi nasara ba yakan ƙare a cikin durowa, wanda ya yi kyau shi ake bugawa.

A 2006 wasu masana suka zauna suka ƙirga magungunan da aka taɓa gwadawa don kare ƙwaƙwalwa daga shanyewar ɓarin jiki. Suka samu 1,026. Da yawansu sun yi abin mamaki a jikin dabbobi. Magani ɗari da 'yan kai ne kawai suka kai ga gwaji a kan mutane, kuma daga ƙarshe abin da ya tsaya da ƙafarsa bai wuce allurar narkar da gudan jini da asfirin ba. Kamfanoni masu biliyoyin daloli ne suka sha wannan kayen. To ina ga kwalbar da ba a san ma me ke cikinta ba?

Babban misali shi ne ginko, wata bishiyar ƙasar Sin mai ganye kamar mafici. Babu itacen da aka yi wa tallan ƙara kai jini ƙwaƙwalwa kamarsa, har yau kuma yana nan jere a manyan kemis da cikin kayan 'yan kasuwar nan ta kawo-mutum-biyu. A Amurka aka tara tsofaffi 3,069 masu shekara 75 zuwa sama, aka raba su biyu da ƙuri'a, rabi suna shan miligiram 240 na tataccen ginko kullum, rabi suna shan ƙwayar da ba komai a cikinta, ba wanda ya san wacce yake sha. Aka bi su kimanin shekara shida. Da aka fitar da sakamako a 2008, masu shan ginko sun kamu da cutar mantuwa kamar yadda sauran suka kamu. Faransa ta maimaita da mutum fiye da 2,800 na tsawon shekara biyar, ta buga nata a 2012, amsar ba ta canza ba.

Don adalci, akwai gwaje-gwajen da suka nuna wani tataccen ginko na Jamus yana ɗan rage wasu alamomi ga wanda cutar ta riga ta kama, shi ya sa likitoci a can sukan rubuta shi. Ɗan sauƙi ne, ba warkewa ba, kuma wannan tataccen an san adadin kowane sinadari da ke cikin kowace ƙwaya tasa. Ba shi ne jiƙon da aka zuba a tsohuwar gorar lemo ba.

"Maganin asibitin ma ai daga itace aka samo shi"

Wannan hujja ina son ta, domin gaskiya ce, kuma in aka bi ta har ƙarshe gefena take faɗowa.

Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wani ganye dangin tazargade ya fito. Tu Youyou, matar da ta jagoranci gano shi a ƙasar Sin, ita da abokan aikinta sun tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da dubu biyu, suka yi ta tacewa suna gwadawa suna zubarwa, sai a samfuri na 191 suka dace, a 1971. Sun gano tafasawa tana lalata sinadarin, suka canza hanyar tatsarsa. Kafin a ba majinyata, ita da kanta ta sha. A 2015 aka ba ta lambar Nobel. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a riƙa dafa ganyen ana sha a madadin ƙwayar ba, saboda ƙarfinsa yana bambanta daga gona zuwa gona, kuma shan abin da bai kai ba yana koya wa ƙwayar cutar jure magani.

A fannin ƙwaƙwalwa ma akwai irin wannan. Galantamin, ɗaya daga cikin 'yan magungunan da ake ba masu cutar Alzheimer, daga wani fure mai albasa a ƙasa aka fara tatso shi a gabashin Turai. A ƙasar Sin akwai wani sinadari da aka fara samu a cikin irin seleri (wani ganyen miya na Turawa), hukumar magungunansu ta amince da shi a 2002 don masu shanyewar ɓarin jiki, kuma wani gwaji da aka buga a 2023 a kan majinyata 1,216 ya nuna waɗanda aka haɗa musu shi da aikin asibiti sun fi samun sauƙi bayan kwana 90. Amurka da Turai ba su karɓe shi ba tukuna, amma ga hanya nan an kama. Ba wanda ya ce wa majinyatan su je su tauna irin seleri.

Mu ma mun taɓa yi. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, NIPRD, ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya a shekarun 1990, haɗin da ke da masoro da kanumfari da karan dafi a cikinsa, ta auna, ta gwada a kan masu ciwon sikila, aka ga yana rage tashin ciwon. Shi ne Niprisan. Daga baya harkar sarrafa shi ta yi ta tangal-tangal, wannan labari ne na daban, amma ya isa shaida cewa kayan da ke cikin kwandon 'yan koli a Kasuwar Kurmi suna iya zama magani na gaske in an bi da su ta hanyar awo.

Abin da ke raba waɗannan da kwalbar tasha abu uku ne da ko ɗan firamare zai iya tambaya: mene ne a ciki, nawa ake sha, su wa aka gwada a kansu. Magori wasa kanka da kanka ba ya amsa ko ɗaya. Shaidarsa ita ce wata Hajiya a wani gari da ta sha ta miƙe.

Wani zai ce ai kwalbar tana da lambar NAFDAC. A juya ta a karanta ƙananan rubutun da ke jikinta. Yawancin magungunan gargajiya rajistar wucin gadi ake ba su bayan an duba cewa ba su da guba ta nan take, kuma ana tilasta musu rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da suke yi ba. Da Turanci ake rubuta wannan gargaɗin. Tallan kuwa da Hausa ake yin sa.

"In bai yi magani ba, ai ba zai cutar ba"

Zaƙami ma itace ne, kowa ya san abin da yake yi wa samari a gidan biki.

A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata fiye da ɗari da ke shan wani haɗin ganye na rage ƙiba suka samu lalacewar ƙoda, da yawa suka ƙare a kan injin wankin ƙoda, wasu daga baya suka kamu da ciwon daji na hanyar fitsari. Da aka bincika sai aka samu wani tsiro mai suna Aristolochia a cikin haɗin. Dangin wannan tsiro ne muke kira duman dutse ko maɗacin ƙasa. Mai maganin da ya tsorata Baffa da cewa ƙwayar Bature tana kashe ƙoda bai gaya masa cewa hawan jinin da aka bari ba magani yana cikin manyan abubuwan da ke kai mutane layin wankin ƙoda ba.

Akwai haɗari na biyu da ya shafi wannan ciwo kai tsaye. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko jijiya ta toshe, ko ta fashe. Daga waje kamanninsu ɗaya, sai hoto ke bambanta su. Babban binciken nan na SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya samu cewa kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewa a yankinmu fashewa ce. Yanzu a ɗauki mutumin da jijiya ta fashe masa a ka, a ɗura masa abin da ake tallansa da cewa yana tsinka jini. Ko a ɗauki tsohon da likita ya ɗora a kan asfirin ko wafarin, magungunan tsinka jini, ya ƙara da ginko da tulin tafarnuwa a ɓoye bai gaya wa kowa ba.

Sai ɓata lokaci. Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwon. Na san asibitocin da ke da ita a ƙasar nan ba su da yawa, amma ko babu ita, saurin kai mutum asibiti yana ceton rai. Mu kuwa in bakin mutum ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, sai a ce iska ce ta buge shi, a kwantar da shi, a yi hayaƙi, a buɗe baki a ɗura jiƙo. Mai shanyewa sau da yawa ba ya iya haɗiya daidai, ruwan sai ya bi ta huhu. Bayan kwana uku in jiki ya yi zafi sannan a nemi mota.

Ban manta da masu kawo hujjar addini ba. Habbatus sauda da zuma suna da darajarsu a wurinmu, ni ma akwai su a gidana. Amma ban taɓa jin malamin kirki ya ce wanda ya sha su ya zubar da maganin da likita ya ba shi ba. Mai faɗin haka galibi yana da kanti.

Hujjar da ta fi ƙarfina

Ita ce ta kuɗi da wulaƙanci, kuma ba ni da cikakkiyar amsarta.

Mutum ya tashi da asuba ya kama layin kati, ya wuni, ya ga likita na minti uku da kansa ke sunkuye yana rubutu, a ba shi takarda da rubutun da ba ya iya karantawa, a ce wannan ƙwayar har ƙarshen rayuwa. Ya je kemis ya tarar kuɗinta ya ninka na bara. Ya fito, ga mai magani a bakin titi yana kiransa Baba, yana tambayarsa iyali, yana yi masa bayani da harshensa, ya yi masa ragi, ya kuma ce kwalba uku an gama. Ko ni ne sai na tsaya na saurara. Hawan jini kuma ba ya ciwo, balle jiki ya gaya wa mutum ya yi kuskure. Wanda ya daina ƙwaya yau, gobe garau zai tashi, jibi ma haka, sai ya ɗauka ya warke.

Saboda haka ban ga laifin dattijon tasha ba. Amma tsadar asibiti ba ta mayar da kwalba magani. Abin da take nunawa shi ne inda ya kamata hayaniyarmu ta koma.

A dubi abin da aka yi a ƙauyukan ƙasar Sin, ƙasar da mai lasifika ke jingina da ita. An ɗauki ƙauyuka 326 da mutum kusan 34,000 masu hawan jini. A rabin ƙauyukan aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba likitoci ba ne, aka ba su ma'aunin jini da ƙa'idar ƙara magani, aka sauƙaƙa wa mutane kuɗin ƙwaya, aka ce a saukar da jini ƙasa da 130 bisa 80. Bayan shekara huɗu, kamuwa da cutar mantuwa ta ragu da kashi 15 cikin ɗari idan aka kwatanta da sauran ƙauyukan. A 2025 aka buga wannan. Kafin shi, wani gwaji a Amurka a kan mutum 9,361, wanda aka buga a 2019, ya nuna matsa wa hawan jini lamba sosai ya rage fara raunin tunani da kashi 19 cikin ɗari. Binciken SIREN kuwa ya ɗora kusan tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki a yankinmu a wuyan hawan jini.

Babu wani abu a cikin aikin ƙauyukan nan da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Muna da ma'aikatan lafiya a matakin farko, muna da masu unguwanni, muna da masallatan Juma'a da ke tara dubban magidanta kowane mako. Ma'aunin jini na batir bai kai kuɗin wayar da ke hannun yawancin samarinmu ba. Attajirin da ke raba shinkafa da azumi, da zai ɗauki nauyin ƙwayar hawan jini ta tsofaffin layinsu na shekara guda, da ya yi abin da za a daɗe ana cin moriyarsa, sai dai ba ya ɗaukar hoto da kyau. Mun bar jaki muna dukan taiki.

Masu son ganye kuma, ga nasu rabon, kuma ba kaɗan ba ne. Wannan binciken na SIREN ya samu cewa masu cin ganye kullum sun fi tsira daga shanyewa, masu barbaɗa gishiri a kan abinci kuma sun fi faɗawa. Zogale, rama, alayyahu, lansir, yakuwa, duk suna nan a bakin kasuwa da arha. A ci su a matsayin abinci, a kwaɗo da miya, ba sai an niƙa an zuba a kwalba an ninka kuɗin sau ashirin ba. Zoɓo ma an gwada shi a kan mutane: a wani ƙaramin gwaji a Amurka da aka buga a 2010, kofi uku a rana na mako shida ya saukar da lambar sama ta jini da kimanin maki bakwai. Taimako ne, ga wanda jininsa bai yi nisa ba, kuma ba irin zoɓon biki da aka cika wa sukari ba. Gishiri kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram biyar a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. A ƙirga da dunƙulen da ake marmasawa a miya, da na yaji, da kanwa, a ga inda muke.

Su kuma jami'o'inmu, sassan harhaɗa magunguna na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri cike suke da kundayen digiri a kan ɓeraye da ganye. Ɗalibi ya gama, ɓera ya warke, kundi ya hau kanta, wani ya zo ya ɗauki wani ganyen. Ina jiran ranar da za a zaɓi itace ɗaya tak daga cikinsu, a san abin da ke cikinsa, a tsayar da ma'auninsa, a nemi kuɗi a gwada shi a kan mutane ɗari biyar a asibitin koyarwa, a kuma buga sakamakon ko da bai yi daɗi ba. Masu maganin gargajiya na gado, waɗanda suka san itace tun daga kakanni kuma suke jin kunyar abin da 'yan lasifika ke yi da sunansu, su ya kamata su fara neman a yi haka. Gana ta kafa cibiyar binciken maganin itatuwa a Mampong tun 1975, inda ake duba majinyata ana kuma rubuta abin da aka gani.

Baffa yana nan. An mayar da shi kan ƙwayarsa, matarsa ce ke riƙe da ita, tana ba shi bayan sallar asuba tare da koko. Ma'aunin jinin yana kan taga, wani jikansa ɗan aji uku na sakandare shi ke ɗaura masa duk Litinin da Alhamis yana rubuta lambobin a bayan tsohon littafin lissafi. Likita ya gaya mana tun farko cewa abin da ya tafi ba zai dawo ba, ana dai ƙoƙarin tsare wanda ya rage. Keken ɗinkin an rufe shi da zani.

Da na je gaishe shi makon jiya na tarar da shi a zaure da kofin zoɓonsa marar sukari, yana ta mitar cewa an hana shi gishiri. Na durƙusa na ce, "Baffa, ina wuni, ya ƙarfin jiki?" Ya dube ni ya yi murmushi, ya kira ni da sunan mahaifina, ƙanensa da ya rasu shekara tara da suka wuce, ya ce in tsaya ya auna ni, rigar nan ta yi mini yawa a kafaɗa.